Ranar da Aka Hana Malam Da'u Fita Roƙon Ruwa

Wanda duk ya bi hanyar Gaya zuwa Ajingi ya ratsa ta Tudun Dinya, zai ga wani zauren ƙasa dab da injin niƙa, da wani dattijo siriri zaune kan buzu, ya ɗaure tabarau da zare ta bayan kunne. Malam Da'u ke nan. Ka yi masa sallama zai amsa da fara'a, ya tambayi gida ya tambayi hanya, in kuma ka yi sake ya jefo maka tambayar da za ta raka ka har Ajingi. Baƙo ne kawai ke tsayawa. 'Yan garin daga nesa suke ɗaga masa hannu, suna tafiya suna gaisuwa. Amma akwai lokacin da takalman masu ɗaukar karatu ke cika ƙofar zauren nan, har mai kai niƙa sai ya kauce musu.

A garin aka haife shi, ɗan manomi jikan manomi. Da ya sauke Alƙur'ani sai mahaifinsa ya kai shi Gaya, wurin wani tsohon alƙali da ya ajiye aiki ya buɗe zaure. Can ya karanta fiƙihu da nahawu da tauhidi kamar kowa. Sai dai tsohon yana da wani karatu da yake ajiyewa sai bayan la'asar, idan jama'a sun watse, ya tsayar da mutum biyu ko uku ya ce a sakaya ƙofa. Mantiƙi ne, wato ilimin auna hujja, a gane wadda ta tsaya da ƙafarta da wadda aka tokare da ƙarfin murya. Daga mantiƙi sai a leƙa falsafa. Da'u ya leƙa sau ɗaya, bai sake fitowa ba. Ya wuce Kano ya ƙaro karatu, ya dawo ya koyar da Larabci a wata sakandare a Gaya har furfura ta cim masa. Matarsa Wasila takan ce ita dai ta auri mutum ɗaya ne, amma ta wayi gari tana kakkaɓe wa malamai dubu gara a ɗaki, don yawan littattafansa.

Da ya ajiye aiki sai ya koma gonarsa ta gado, ya shimfiɗa buzu a zaure. Magidanta ne ɗalibansa: manoma, da malaman firamare, da Maiwada tela, wanda ya fi kowa zuwa ya kuma fi kowa mantuwa. Duk sabon zuwa sai Malam ya fara masa da tarihi.

"A Bagadaza aka soma wannan rigimar," in ji shi, "tun ba a san za a yi wani gari wai shi Tudun Dinya ba. Aka juya littattafan Yunanawa zuwa Larabci. Likitoci da masu lissafi suka karanta, suka ce ai hankali ma kyautar Allah ne, a bar shi ya yi aikinsa. Wasunsu suka zarce, suka faɗi maganganu marasa daɗin ji. Sai wani babban malami ya zauna ya karance su tas, har ya fi su sanin maganarsu, sannan ya ɗauki alƙalami ya rushe ta. Amma bai yar da ma'aunin hujja ba, ya ce wannan a riƙe. Can a Andalus wani alƙali ya tashi ya mayar masa da martani, aka saka masa da ƙona littattafansa. Daga nan malamai suka rabu, wasu suka ce haramun ne ko taɓawa, wasu suka ce ya halatta ga wanda ƙafarsa ta kafu a Alƙur'ani da Sunna. Har yau ba a gama ba. Ku kuma kun zo kuna so in gama muku kafin magariba."

Yana da wata hanyar koyarwa da ya gada daga tsohon alƙali, ita ce kuma ta ja masa. Ba ya kawo magana da amsarta a zama ɗaya. Yau zai ari bakin abokin jayayya, ya faɗi hujjarsa da iyakar ƙarfinta kamar shi ya ƙirƙiro ta, sannan ya rufe littafi ya ce, "Ku je ku kwana da ita." Sai gobe ya kawo amsa. Yakan ce wanda bai taɓa jin nauyin tambaya ba, ko an ba shi amsa zubar da ita zai yi a hanya.

Wata ranar bazara aka zo kan ruwan sama. Malam ya gyara tabarau ya ari bakin masu falsafa. "Ruwa ba ya sauka don wani ya roƙa," in ji shi. "Rana ce ke dafa teku, tururi ya tashi, iska ta kwaso shi, ya yi nauyi ya zubo. Ko garin duka ya fita fili ya yi kuka, in hadari bai haɗu ba, babu ruwa." Ya rufe littafi, ya ce a je a kwana da ita. Maiwada, saboda sanin halin ƙwaƙwalwarsa, ya ɗauki muryar a waya.

Washegari Malam ya kawo amsa. Ya ce ido ba ya ganin dalili, abin da yake gani kawai shi ne wannan ya biyo bayan wancan. Motar Kano takan tashi bayan Hanne mai ƙosai ta sauke kasko, amma ba ƙosan Hanne ke tuƙa motar ba. Hadari da iska hanya ce da Allah ya saba biyo da ruwa, in ya so ya biyo, in ya so ya hana, shi ya sa ake roƙonsa. Amsa ce mai kyau, amma Maiwada bai ji ta ba, ya tafi cin kasuwar Ajingi. Muryar farko kuwa ya riga ya tura wa wani ƙanensa, wai ya ji irin zurfin malaminsu.

A lokacin akwai wani matashin malami a garin, Ustaz Abdulhakeem. Kada a zalunce shi, ba mugun mutum ba ne. Shi ya buɗe wa matan aure Islamiyya, shi ke bin gidajen marasa lafiya, in ya ja sallah kuwa har tsofaffi sai sun share ido. Tsoro yake ji da gaske kada a rikita wa manoma imaninsu. Ya taɓa zuwa har zaure ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wannan ilimin fa manyan malamai sun haramta shi." Da Malam Da'u ya iya bakinsa, da maganar ta ƙare da shayi. Sai ya ce, "Sun haramta kam. Zauna in karanta maka hujjarsu, don na ga alama ba a kai ku wurin ba." Ɗalibai suka yi dariya. Abdulhakeem ya sa takalmansa ya fita, bai sake taka zauren ba.

Damina ta faɗi da kyau a shekarar. Aka yi shuka, aka yi noman farko, gero ya kai gwiwa, gyaɗa ta fara shimfiɗa. Sai ruwa ya ɗauke. Aka ce gobe, aka ce jibi, sama ta yi fari fat. Ganyen gero ya murɗe, ƙasa ta tsage, magidanci ya fita gona da safe ya tsaya ya duba ya dawo ba ya son a yi masa magana. A irin wannan lokacin mutane sukan fara waige-waige, suna neman wanda laifinsa ya tsare musu sama. A daidai nan muryar Malam Da'u ta dawo gari, ta shiga wayar kowa. Har matan da ke layin famfo sun ji shi da bakinsa yana cewa ko garin duka ya fita ya yi kuka, babu ruwa.

Abdulhakeem ya kunna ta a ƙofar masallaci bayan azahar. Bai yi zagi ba. Cewa ya yi, "Jama'a, yaya za mu tsaya gaban Allah muna roƙo, a cikin sahunmu akwai mai cewa roƙon banza ne?"

Liman Bubayero ne ya zo zauren Malam Da'u da kansa, yana dogara sanda. Aminin mahaifin Da'u ne, shi ya raɗa wa 'ya'yan Da'u suna. Ya ƙi hawa buzu, ya zauna a gefen tabarma.

"Da'u, an sa ranar fita roƙon ruwa. Kwana uku za a yi a jere."

"Na ji, Baba Liman. Na ɗauki azumina tun jiya."

"So nake ka zauna a gida."

Malam Da'u ya cire tabarau. "Baba, rabin karatu suka ji. A ba ni lasifika in faɗi ɗaya rabin. Akwai mutum fiye da goma da suka ji shi a zauren nan."

"Ina suke?" in ji Liman. Da'u ya dubi ƙofa, babu takalmi ko ɗaya sai na tsohon. "Ni na san ka, na san wanda ya karantar da kai. Amma mutanen da geronsu ke ƙonewa ba za su tsaya jin darasi na biyu ba. Samari sun rantse in ka shigo fili ba za a yi sallar ba, wasu har da sanduna. Ba zan tsaya gaban jama'a ina roƙon rahama a bayana ana zubar da jini ba. Ka yi mini alkawari."

Ya yi masa. Bai taɓa jin ciwo irin na ranar ba, don shi ma fa manomi ne, geronsa ma ƙonewa yake yi, kuma tun yana ƙarami bai taɓa rasa sallar roƙon ruwa ba.

Ranar farko aka fita da hantsi, maza da tsofaffin kaya, ana tafiya ana istigfari, aka kora har awaki zuwa filin idi. Aka yi raka'a biyu, Liman ya fuskanci alƙibla ya juya rigarsa, ciki ya koma waje, kowa ya juya tasa. Rana ta ƙwalle ta bi su har gida. Rana ta biyu ma haka. Da yamma Wasila ta aika niƙa aka dawo mata da dawarta yadda take. Ta je famfo da kanta, mata suka janye bokitansu daga kusa da nata. A can ta jiyo sabuwar magana: wai zaman mijinta a gida bai isa ba, tunda littattafan suna cikin gari. In gobe ba a samu ruwa ba, za a fito da su a cinna musu wuta, shi kuma ya koma Gaya da ta koya masa.

Ranar ƙarshe gari ya waye babu iska ko ta kaɗa ganye. Tun da sassafe gumi ke tsattsafowa, tururuwa sun yi layi a gindin katanga ɗauke da ƙwansu. Malam Da'u ya leƙa gabas, ya ga wani ɗan duhu kwance can ƙasa-ƙasa. Duk manomi ya san wannan safiyar.

Yana tsaye sai ga a-daidaita-sahu ta tsaya a ƙofar gida. 'Yarsa Hamdiyya ce, malamar gona a Gaya, ta sauko mayafi a hannu ko yafawa ba ta tsaya yi ba.

"Baba, ka sa rigarka ka tafi fili," in ji ta, tana miƙa masa waya. "Ga hasashen yanayi, duk sun yi daidai. Yau za a yi ruwa a yankin nan, mai yawa, kafin azahar."

"Na gani a gindin katanga."

"To me kake jira? In ya sauka ba ka cikin sahu, sun gama da kai. Za su ce cire ka da aka yi ne ya buɗe sama. In kuwa kana tsaye a cikinsu ya sauka, bakin kowa ya mutu. Ka shiga sahun baya bayan an tayar da kabbara, ba mai yanke sallah ya taɓa ka."

Wasila na bakin ƙofar ɗaki, ta riga ta ɗauko masa tsohuwar rigarsa. Ta miƙo masa. Ya karɓa. Gaskiyar Hamdiyya ce, ya kuma sani. Taku kaɗan ne tsakaninsa da sunansa, da zaurensa, da gaisuwar mutanen da ya girma tare da su. Ya zura rigar, ya sa takalmi, ya fita har ƙofar zaure. Daga nan yana hango bayan jama'a suna gangarawa fili. Ya tsaya.

"Na yi wa Liman alkawari," in ji shi.

"Baba, alkawarin da aka karɓa da barazanar sanda?"

"Ko babu shi. Hamdiyya, in na je, me za su ce? Za su ce kwana biyu babu Da'u babu ruwa, yau Da'u ya zo ruwa ya zo. Gobe a fara kawo mini yara in shafa musu kai. Kuskuren da zai kore ni shi ne dai zai dawo da ni, an juya shi ne kawai kamar rigar Liman. Kuma in tsaya gaban Ubangiji ina yi kamar mai roƙo, alhali lissafi ne ya kawo ni don mutane su gan ni? Shekara nawa ina gaya musu ba ƙosan Hanne ke tuƙa mota ba."

"To su ci gaba da kuskurensu mana, kai dai ka tsira!" in ji ta. "Wa zai san ka yi wannan? Wa zai gode maka?"

Ya ɗauki fartanya ya bi ta bayan gida ya nufi gona.

Geron ya yi laushi, ya sunkuya, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa. Daga nesa lasifika na kawo muryar Liman tana rawa. Malam Da'u ya fuskanci gabas tsakanin kunyoyin gero, ya yi raka'arsa biyu shi kaɗai. Da ya ji an yi shiru a fili, ya san an zo juya riga, sai ya tuɓe tasa ya juya ta. Ya ɗaga hannu. A nan ne bakinsa ya yi nauyi, don ya san abin da zai roƙa shi ne abin da zai rufe masa zaure. Wani ɓangare na zuciyarsa, ba a ɓoye ba, ya so a ce ruwan ya jinkirta zuwa jibi, lokacin da ba wanda zai danganta shi da kowa. Ya dubi geron, ya dubi gonar maƙwabcinsa mai 'ya'ya takwas. Ya ce, "Allah, ka shayar da mu yau. Kada ka bar shi sai gobe."

Iska ta taso daga gabas da ƙanshin ƙasa. Duhun nan ya miƙe ya rufe rana. Ɗigon farko ya faɗi kan tabarau ɗinsa, kafin ya goge sama ta ɓarke. Kabbarar da ta tashi daga filin idi har gona ya ji ta. Ya durƙusa a tsakanin kunyoyi, ruwa na dukan bayansa, yana hamdala yana kuka, bai san wanne ya fi yawa ba.

A hanyarsa ta dawowa ya haɗu da jama'a jiƙe sharkaf, riguna a juye, ana dariya ana rungumar juna. Da suka gan shi sai dariyar ta ragu, aka dare masa hanya. Wani ya ce da ƙarfi, "To, Allah ya nuna mana ƙarara." Abdulhakeem na cikinsu. Ya sunkuyar da kai ya wuce, don shi ma ya yi karatun da zai gane akwai gyara a maganar, amma ba ranar gyara ba ce. Ba a ƙona littattafan ba, ba a kuma kore shi ba. Murna ta sa an yafe masa zama a gari. Karatu dai ya mutu, daga ranar ba wanda ya sake cire takalmi a ƙofar zauren.

An yi kaka mai albarka. Liman Bubayero ya rasu bayan shekara guda, aka naɗa Abdulhakeem. Hamdiyya ta yi ta fama a kan su koma Gaya, Malam ya ce gonar ba ta da ƙafa. Duk da haka bayan la'asar yakan shimfiɗa tabarmar ɗalibai, ya buɗe littafi ya karanta shi kaɗai, magariba ta yi ya naɗe ta.

A daminar bara ruwa ya sake yin fashi, gero ya fara murɗewa. Wata la'asar Malam na zaune sai ya ji sallama a ƙofa. Maiwada tela ne, tsaye daga waje, riƙe da goro a ganye. Tun abin da ya faru bai taɓa iya haɗa ido da malaminsa ba, shi ya sa ma aka zaɓe shi, don an san ba zai daɗe ba.

"Allah ya gafarta Malam, dattawa ne suka aiko ni. Wai gobe za a fita roƙon ruwa." Ya miƙo goron. "Wai a taimaka... a zauna a gida kamar wancan karon. Ga goro."

Malam Da'u ya dubi goron, manya ne farare, irin na roƙon alfarma. Ya ji dariya da kuka sun taso masa tare. Ashe har ya zama kayan aiki a garin, ana kawo masa goro don ya saki sama.

"Ka gaya musu zan zauna," in ji shi. "Amma Maiwada, wa ke saukar da ruwa?"

"Allah, Malam."

"To ni mene ne nawa a ciki?"

Maiwada ya juya goron daga wannan hannun zuwa wancan.

"Ranar da aka yi ɗaya rabin karatun kana kasuwar Ajingi," in ji Malam. "Yana nan, ban ba kowa naka ba."

Maiwada ya waiga hagu, ya waiga dama. Akwai mutane a bakin injin niƙa, kuma suna kallo. Sannan ya sunkuya ya zare takalmansa, ya jera su a ƙofar zaure inda kowa zai gani, ya shiga ya zauna a kan tabarma.